RAW Zuwa JPEG: Gyara Tukuna, Juyawa Daga Baya

Jama'a, tun da muka saki bidiyon kyamarorin waya ake ta tambayar yadda za a mayar da hoton RAW ya koma JPEG. Juyawar ba wuya. Abin lura shi ne lokacin da za ka yi ta.

RAW ɗanyen bayani ne da sensar kyamara ta kama, ba a taɓa shi ba. Canon na ajiye shi a CR2 ko CR3, Nikon a NEF, Sony a ARW. Yawancin wayoyi kuma DNG suke amfani da shi, tsarin da Adobe ya fitar a 2004. RAW gari ne, JPEG tuwo. In an tuƙa, an tuƙa ke nan.

Ga lissafin. JPEG bit 8 ne, wato matakan haske 256 a kowane launi. RAW mai bit 12 yana da 4,096, mai bit 14 kuma 16,384.

Ina amfanin wannan? Ɗauki misalin 'yan'uwanmu ɗalibai da ke zaune a Faisal, nan Giza, waɗanda dalar Fir'auna ke kusa da su. Mutum baƙi, cikin farar shadda, ga ranar Masar ta take. Dole kyamara ta zaɓi ɗaya: ko fuska ta yi duhu, ko shadda ta yi fari fat har aikin wuya ya ɓace. A RAW za ka iya ɗaga duhun fuskar, ka rage hasken rigar, in dai bai ƙone gaba ɗaya ba. In ka riga ka juya shi JPEG, kana ɗagawa sai fuska ta yi dabbare-dabbare.

Don haka fara buɗe shi a Lightroom ko Snapseed a waya. A kwamfuta akwai darktable da RawTherapee, duk kyauta. Daidaita haske da launin fata, sannan ka fitar da shi gwargwadon inda za shi:

JPEG: na Instagram da turawa gida. Zaɓi sRGB don kada launi ya sauya a wayar wani.

TIFF mai bit 16: in za ka ci gaba da gyara a Photoshop. Yana da nauyi sosai.

PNG: bar shi wa tambari da zane. A hoton mutum cin waje kawai yake.

In ta WhatsApp za ka tura wa mai wanke hoto, tura shi a matsayin fayil, don manhajar tana matse hotuna.

Na ƙarshe, kada ka goge RAW ɗin. Hoton ProRAW mai megafiksel 12 a iPhone yana kai wajen MB 25, shi ya sa hannu ke ƙaiƙayin gogewa. Kwashe shi zuwa kwamfuta. JPEG ana sake fitar da shi ko sau ɗari, amma ranar yaye ɗalibai sau ɗaya ce.