Zane a Littattafan Labaran Ban Tsoro

Gabatarwa

Labarin ban tsoro shi ne wanda aka gina shi domin ya jefa fargaba a zuciyar mai karatu ko mai sauraro. A adabin Ingilishi, masana na danganta asalin salon da ake kira Gotik da littafin The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a Ingila a 1764. Daga baya Edgar Allan Poe (1809-1849), mutumin Amurka, ya shahara da gajerun labarai irin waɗannan. A 1919 aka buga wasu daga cikinsu tare da zane-zanen Harry Clarke, kuma har yau ana ɗaukar wannan bugu a matsayin abin koyi.

A wajen Hausawa, tsoro ya daɗe a tatsuniyoyin Dodo da labaran aljanu da mayu da fatalwa. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi da yawa a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa (1911-1913). Littattafan makaranta kuwa, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, sun zo da zane.

Aikin Zane

A dandali, muryar mai ba da tatsuniya da duhun dare su ne ke raya tsoro. Da labari ya koma takarda, sai zane ya gaji wannan aiki. Sai dai ƙwararren mai zane ba ya bayyana komai. Idan ya fito da Dodo ƙarara, ya rage masa kwarjini, domin Dodon da yaro ya ƙaga a ransa ya fi na takarda girma. Saboda haka yakan dogara da inuwa da ƙofar da aka bari a buɗe da kuma fuskar wanda ya firgita.

Muhimmancin Wuri

Labaran Gotik sun fi aukuwa a tsohuwar fada ko gidan da ya fara rushewa. Takwaran wannan a tunanin Bahaushe shi ne kango da gindin kuka ko tsamiya. Birni ma yana da nasa kangon. A unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, kamfanoni da dama sun rufe tun daga ƙarshen shekarun 1980, saboda ƙarancin wutar lantarki da gasar kayan waje. Ginin da dā yake cike da ƙarar injina da hayaniyar ma'aikata, idan ya koma tsit, ya ishi marubuci da mai zane fagen labari.

Kammalawa

Ya kamata malami ya sa ɗalibai su fara nazarin zane kafin karatu, su faɗi abin da aka nuna da abin da aka ɓoye. Haka kuma wajibi ne ya duba shekarunsu, domin zanen da zai zaburar da ɗan sakandare yana iya sa ɗan aji biyu na firamare ya tsani littafin baki ɗaya.