Shirin Musamman: Narkakken Dutsen da ke Kwana a Ƙarƙashin Ƙasa



Yau na shigo da baƙuwa a aljihuna, wata 'yar tsakuwa. Na tsince ta a Kuje, gefen wani fili inda tifa ta juye lodi, leburori suna kwaɓa siminti. Ga ta a tafin hannuna. Akwai fari a jikinta, akwai ruwan toka, akwai baƙaƙen ɗigo masu walƙiya idan haske ya buge su. Kowace ƙwaya ido yana ganinta, kuma wannan shi ne abin da ya tsayar da ni. Masana duwatsu sun ce ƙwayoyi ba sa girma haka sai narkakken dutse ya huce a hankali, can cikin ƙasa, shekaru dubbai bisa dubbai. Wanda ya fito sarari iska ta buge shi, nan da nan yake daskarewa, ƙwayoyinsa ƙanana.

Ashe tsakuwar da muke zuba wa dakalin gida a Kuje wuta ce da ba ta samu ƙofar fita ba. Haka Dutsen Aso, haka Dutsen Zuma da ke jikin naira ɗari. Duwatsun wannan yanki sun kai shekara miliyan 600 da daskarewa. Saboda haka wanda ya tsorata da girgizar ƙasa ta Mpape a watan Satumbar 2018, har aka ce masa aman wuta ne ke tafe, ya kwantar da hankalinsa. Murhun nan ya daɗe da mutuwa.

To amma inda murhun yake da rai fa? Narkakken dutse yakan yi shekara nawa yana jira kafin ya yi amai? Wa ya riƙe masa agogo?

Agogon yana cikin dutsen. Akwai wani ma'adini mai suna zirkon, ƙwayarsa ba ta kai ta gero ba, masu haƙar kuza a Jos sun san shi a cikin yashin da suke wankewa. Lokacin da yake girma yakan karɓi yuraniyam, amma ba ya yarda da dalma. Shi kuwa yuraniyam sannu a hankali yake rikiɗa ya koma dalma, rabinsa cikin shekara kusan miliyan 4,500, zafi bai sa shi sauri, sanyi bai sa shi nawa. Duk dalmar da aka tarar a ciki, a ciki aka haife ta. Auna wannan, auna wancan, ka san shekaru. Kuma zirkon yana girma ne ɓawo kan ɓawo kamar albasa, ana iya auna cibiyarsa daban, bayansa daban.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku, nan ne labarin ya fi daɗi. A 2014, Kari Cooper da Adam Kent, masana biyu a Amurka, suka ɗauki ƙwayoyin wani farin ma'adini daga aman Dutsen Hood na jihar Oregon. Agogo biyu suka duba. Na farko yana ƙirga shekarun ƙwayar tun haihuwarta. Na biyu ba ya tafiya sai da zafi: wani sinadari ne da ke ratsa jikin ƙwayar idan ta yi zafi, kamar yadda gishiri ke ratsa nama, in ta huce ya tsaya cak. Na farko ya nuna aƙalla shekara 21,000. Na biyu ya nuna cewa lokacin da ta yi cikin zafin da ya haura digiri 750 bai wuce kashi 12 cikin ɗari ba, mai yiwuwa ma bai kai kashi 1 ba.

Kun ji? Mu muna zaton tafki ne na wuta yake tafasa dare da rana. Ashe tuwo ne da ya kwana. Ya yi tauri a tukunya, ba ya motsi, shekara dubu ashirin. Sai sabon narkakke ya taso daga ƙasa ya hura masa wuta, ya zama ɗumame, ya yi laushi, ya tashi. Masanan sun ce ɗumamen nan yana iya nuna cikin 'yan watanni.

Wannan ya taɓa min zuciya, domin akwai mutane a gindin irin waɗannan duwatsu. Maƙwabtanmu na Buea suna zaune a jikin Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999, ya sake a 2000. Idan na'ura ta hango ruwan dutse ya taru a ƙarƙashinsu, wata uku na gargaɗi ya isa a kwashe yara da tsofaffi.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure, bari in gaggauta. Mu ma mun taɓa samun duwatsu masu aman wuta. Tsaunukan Ririwai a jihar Kano saiwar tsohon dutse mai amai ne da ruwa da iska suka cinye kansa. Na garin Dutse sun haura shekara miliyan 200, na Afu a Nasarawa, kudu maso gabas da Kuje, kimanin miliyan 140. Tafkin Tila kuwa, kusa da Biu, bakin dutse ne da ruwa ya cika.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.