Girman Taya: Abin Dubawa Kafin Sayen Keke a Ɗanbatta

Kekunan gwanjo masu giya, waɗanda aka ƙera don hawa duwatsu, sun fara yawa a ƙauyukan Ɗanbatta. Asalinsu jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, kuma sun daɗe tayarsu ba ta wuce inci 26 ba. Sai wajen 2001 kamfanin Gary Fisher ya shigo kasuwa da mai inci 29, daga baya aka sami matsakaiciya mai 27.5. Yau matasa na ɗaukar mai 29 a matsayin sabon yayi.

To amma a wurinmu babbar taya tsohon labari ne. Bakin rim ɗin Raleigh da Phoenix na iyayenmu milimita 635 ne, na mai inci 29 kuwa 622. Ashe dattijon da ke tafe da buhun gero a kariya ya riga samari hawa babban wili.

Amfanin babbar taya a bayyane yake. Idan ƙaramar taya ta tarar da rami ko saiwar itace, faɗawa take yi ta daki bakinsa, mahayi ya ji har a ƙugu. Babba kuwa haurewa take yi, kuma in ta ɗauki gudu ba ta saurin sakinsa. Mai doguwar tafiya kan burji mai gargada zai iso da sauran ƙarfinsa.

Sai dai tana da nauyin tashi, ba ta son kwana a siririyar hanyar da ta ratsa tsakanin gonaki, gajere kuma da ƙyar ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Dogayen wayoyin wili ma sun fi saurin sakin jiki in aka labta jarkokin ruwa.

Abin da ya fi damun mai keke a nan rairayi ne, shi kuwa faɗin taya ke maganinsa fiye da tsayinta. Faffaɗar inci 26 da aka ɗan rage wa iska ta fi siririyar 28 ta Raleigh da Phoenix tafiya a yashi.

Ni dai shawarata, kafin ka biya kuɗi ranar Lahadi a kasuwar Ɗanbatta, ka tambayi mai facin garinku ko yana ajiye taya da tif na wannan lambar. Tayar Phoenix ba ta zama a kan rim ɗin mai 29, kuma hanyoyinmu ba sa rabo da ƙaya.