Wayoyin Da Ke Riƙe Da Hasumiya: Mai Kaya Ya Canja Da Kansa Ko Ya Kira Gwani?

KAFANCAN — Duk wanda ya ratsa garin Kafancan, ko Kagoro, ko Zonkwa, ko Kwoi, in ya ɗaga kai zai ga dogayen sandunan ƙarfe a kan rufin otal-otal da makarantu da asibitoci da ofisoshin 'yan kasuwa. Wasu na ɗauke da eriyar talabijin, wasu faifan kama intanet, wasu kuwa na'urar rediyon oba-oba. Mafi yawansu ba da ƙarfin kansu suke tsaye ba. Wayoyin ƙarfe ne da aka ɗaura daga jikinsu zuwa turaku a ƙasa ke riƙe da su, kuma ranar da guda ta tsinke, sauran ba su iya ceton hasumiyar.

Waɗannan wayoyi suna tsufa kamar kowane kaya. Idan lokacin canja su ya yi, ɗan kasuwa yakan tsaya tsakanin shawara biyu: ko ya sayi waya a kasuwa ya nemi yaron shago da mai walda na unguwa su yi aikin a yini guda, ko kuwa ya ɗauko gwanin da ya san aikin, ya biya kuɗin da a farkon ji zai ga kamar sun yi yawa.

Batun ya fi nauyi a kudancin Jihar Kaduna saboda yanayin ƙasar. Ruwan sama a wannan yanki ya fi na Kano da Katsina yawa da daɗewa, domin damina takan faro daga wajejen watan Afrilu ta kai har Oktoba. Ke nan waya takan yi rabin shekara tana shan laima. Har ila yau, hadarin farkon damina yakan zo da iska mai ƙarfi wadda ke ɗaye rufin kwano. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take tura abu da shi yakan ninka sau huɗu. Wayar da ta jure iskar hunturu lafiya lau tana iya kasawa cikin minti guda a daren ruwan fari.

Darasi daga masu jiragen ruwa

Wannan muhawara ba sabuwa ba ce a duniya. Masu jiragen ruwan da iska ke turawa, a Turai da Amurka har da gaɓar Legas, sun daɗe suna yin ta, domin jigon da ke tsakiyar jirginsu wayoyin ƙarfe ne ke tsayar da shi ta gaba da baya da gefe-gefe. Abin da aka saba a wurinsu shi ne a canja wayoyin bayan kamar shekara 10, ko da ido bai ga aibu ba, kuma kamfanonin inshora da dama sukan nemi shaidar shekarun wayoyin kafin su karɓi jirgi.

Dalilinsu kuwa shi ne waya ba kasafai take mutuwa a tsakiyarta inda kowa ke gani ba. A bakin ɗauri take mutuwa, inda ruwa ke kwanciya cikin maƙalli, tsatsa ta ci ta daga ciki, ga kuma jijjigar iska tana lanƙwasa silin ƙarfen dare da rana har ya gaji. Da yawa daga cikin masu jiragen sun sami mafita ta raba aikin gida biyu: su auna, su duba, su share da kansu, amma matse kan waya da inji da daidaita tsaurin jigon su bar wa gwani. Wannan rabo ya dace da mai hasumiya a tudu kamar yadda ya dace da mai jirgi a teku.

Lissafin mai yi da kansa

Ba za a ce mai son yi da kansa ba shi da hujja ba. Kasuwa ta yi tsauri, kuma tun bayan cutar da ta afka wa gonakin citta a shekarar 2023, a yankunan Kachiya da Jaba da Kagarko da kewaye, kuɗi ya ragu a hannun jama'ar da harkokinsu suka dogara da wannan amfanin gona. Gwanayen aikin hasumiya kuma galibi daga Kaduna ko Jos ko Abuja ake ɗauko su, ga kuɗin mota, ga na masauki. Wanda ya yi da kansa yana sayen kaya da idonsa, yana kuma koyon sirrin abin da ya mallaka.

To amma a duba lissafin da kyau. A ɗauki hasumiya mai tsawon mita 30, wadda aka ɗaure a hawa uku, wato a mita 10 da 20 da 30, ta fuskoki uku. Wayoyi tara ke nan. Idan turakun suna nesa da gindinta da mita 21, wato kashi 70 cikin 100 na tsawonta, wayar sama za ta kai kusan mita 37, ta tsakiya 29, ta ƙasa 23. In aka haɗa fuskokin uku, ana bukatar waya kimanin mita 267, ban da rarar da za a naɗe a kowane baki. Kowane baki kuma yana son maƙalli uku aƙalla, wato 54 gaba ɗaya, ban da zoben da ke hana waya karyewa a lanƙwasa, da ƙarfen murɗawa da ake tsaurara ta da shi.

Waɗannan kaya dole a saye su, ko wa zai yi aikin. Saboda haka abin da mai yi da kansa yake ragewa kuɗin hannu ne kawai. A madadin haka, shi ne zai ɗauki nauyin duk abin da ya biyo baya: eriyar da ta farfashe, rufin maƙwabci, motar baƙo, wayar lantarki da ke wucewa kusa, da ran yaron da aka tura sama ba ɗamarar tsaro. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Inda hatsarin yake

Lokaci mafi hatsari a rayuwar hasumiya shi ne 'yan mintocin da aka kwance tsohuwar waya ba a ɗaura sabuwa ba. A wannan lokaci wayoyin sauran fuskokin biyu suna ci gaba da ja, babu mai mayar musu da martani. Tarihi ya nuna cewa ko manyan injiniyoyi ba su tsira daga wannan ba. Hasumiyar rediyon Warso ta ƙasar Polan, mai tsawon mita 646, ita ce gini mafi tsawo a duniya tun da aka kammala ta a 1974. Ranar 8 ga Agusta, 1991, ta rushe ana cikin aikin canja wayoyin da ke riƙe da ita. Ba a rasa rai ba, amma ba a sake tayar da ita ba, kuma sai a 1999 aka buɗe tashar da ta maye gurbinta a wani gari daban. Idan haka ta sami hasumiyar gwamnati, mai sandar mita 30 a bayan otal ya kamata ya yi wa kansa faɗa.

Abin da gwani ke sayarwa shi ne sanin tsarin aikin. Yakan fara ɗaura wayar wucin gadi kafin ya taɓa tsohuwa. Yakan canja ɗaya bayan ɗaya, ba ya kwance biyu a tare, ba ya kuma aiki idan hadari ya haɗu. Ya san cewa wayoyin uku dole su raba da'ira daidai wa daida, digiri 120 tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Ya san cewa tsaurin da ake ba waya tun farko kimanin kashi 10 cikin 100 ne na nauyin da zai iya tsinka ta. In ta yi sako-sako, hasumiya za ta riƙa rawa tana fizgar ɗaurinta. In ta yi tsauri fiye da kima, za ta danne hasumiyar ƙasa har ƙafafunta su tanƙware. Da ma'auni ake gane wannan, hannu ba ya faɗa.

Ko ɗaura maƙalli ma yana da ƙa'ida. Sirdinsa a kan doguwar waya mai ɗauke da nauyi yake zama, lanƙwasasshen ƙarfensa kuma a kan guntun wutsiyar. In aka juya shi, zai murƙushe wayar a daidai inda ake bukatar ƙarfinta. Wannan kuskure ne da ake yawan gani, kuma ba ya bayyana sai ranar iska.

Abin da mai kaya zai iya yi

Wannan ba ya nufin mai hasumiya ya naɗe hannu. Akwai aikin da babu wanda ya fi shi cancantar yi, domin shi ke wurin kullum. Sau biyu a shekara, a watan Maris kafin ruwa ya sauka da kuma Nuwamba bayan ya ɗauke, ya zagaya turakun da ƙafarsa. Ya duba ko akwai silin da ya tsinke ya fito kamar ƙaya, ko jan tsatsa na tsiyayowa daga bakin ɗauri, ko wata waya ta fi 'yan'uwanta saki. Ya ɗan tone ƙasa a gindin turke, saboda ƙarfe ya fi lalacewa a inda ya shiga ƙasa mai laima. Ya duba ko kankaren ya tsage ko zaizaya ta ci gefensa. Ya share ciyawa kafin a fara ƙonen daji, ya shafa giris a zaren ƙarfen murɗawa, ya tabbatar wayar da ke kai tsawa ƙasa tana nan ba a sace ta ba. Ya tsaya daga nesa ta fuska biyu ya ga ko hasumiyar ta karkata.

Bugu da ƙari, ya buɗe littafi ya rubuta ranar da aka kafa ta, da kaurin wayar, da ranar kowane gyara, ya ajiye rasit. Haka kuma kada ya ƙara wa hasumiyar faifai ko allon sola ba tare da shawara ba, domin kowane abu da aka maƙala a sama ƙarin bango ne ga iska. Ƙaramar sandar eriya ta gida wadda mutum biyu za su iya kwantarwa a ƙasa, babu laifi mai ita ya canja wayarta. Amma duk wadda sai an hau ta, ko wadda in ta faɗi za ta kai ga titi ko gidan wani ko wayar lantarki, ta wuce aikin sa kai.

Yadda ake zaɓen gwani

Ba duk mai hawa sama ne gwani ba. Kafin a ba da aiki, a nemi ganin hasumiyoyin da ya taɓa yi, a ga ɗamararsa da igiyarsa da ma'aunin tsaurinsa. A nemi ya rubuta kaurin wayar da zai sa, da tabbacin cewa mai rufin tutiya ce wadda ke jure tsatsa, a kuma raba kuɗin kaya da na hannu a takarda. Ga manyan hasumiyoyi, a nemi sa hannun injiniyan da ke da rajista da COREN, majalisar da aka kafa tun 1970 domin kula da aikin injiniya a Nijeriya.

Akwai kuma ɓangaren doka. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idojin kafa hasumiyoyin sadarwa a 2009. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, NCAA, ita ke ba da izinin tsawo. A Jihar Kaduna kuwa hukumar tsara birane ta KASUPDA ce ke ba da izinin gini. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙin ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Wanda ke da inshora ya karanta sharuɗɗanta, domin kamfani kan tambayi wanda ya yi gyara kafin ya biya diyya.

Game da tsada kuwa, akwai dabarar da 'yan kasuwar wannan yanki suka riga suka sani a harkar citta, inda mutane da yawa kan haɗu su ɗauki mota guda. Masu hasumiya biyar ko shida a Kafancan da Kagoro da Gidan Waya suna iya haɗa kai su ɗauko gwani ɗaya a mako ɗaya, su raba kuɗin mota da masauki, su sayi waya a dunƙule bisa farashin sari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Fabrairu zuwa farkon Maris, ƙasa ta bushe, hadari bai fara haɗuwa ba, masu aikin kuma ba su cika da kiran gaggawa ba. Wanda ya jira sai bayan ruwan fari zai tarar da layi a gabansa, kuma mai yiwuwa ba waya kaɗai zai saya ba.