Idan ɗanki ya ce zai tashi sama da laima

Uwargida, ranar da ɗanki ya zo miki da zancen tashi sama da laima, kada ki tsaya a kan salati da "ban yarda ba". Yaron yau idan an hana shi a fili, sai ya yi a ɓoye.

Abin iri biyu ne. Akwai laimar da ba ta da inji: mutum ya sheƙo da gudu daga kan dutse, iska ta cika ta, sannan iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa ta riƙa ɗaga shi kamar shirwa. Akwai kuma mai ɗan keke da inji da farfela a baya, wadda ke tashi daga fili.

Ba sai an je Turai ba. Tun 2005 aka fara bikin wannan wasa a Kwahu ta ƙasar Gana, lokacin Ista. Ana tashi daga dutsen Odweanoma, a sauka a Nkawkaw, ƙwararren matuƙi na ɗaure a bayan fasinja.

To, ta nan ya kamata ya fara. Ki kafa masa sharaɗi: malami mai takardar shaida, hular kwano, da laimar ko-ta-kwana. Ban da tsohuwar laima ta gwanjo, domin rana tana cin yadinta. Ban da tashi da tsakar rana, lokacin da iska ke hauka.

In kuwa 'yarki ce, ku nemi matuƙiya mace, ta kuma cusa hijabinta cikin riga, kada igiya ko farfela ta kama shi.