Lambobin Masu Bindiga Mai Jigida na Sojan Jamus: Yadda Ake Rarrabe na Gaske da Jabu



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau ɗan ƙarfe ne wanda bai cika tafin hannu ba, watau lambar da sojan Jamus masu harba bindiga mai jigida suke ɗinkawa a hannun riga a zamanin Yaƙin Duniya na Farko. Akwai mutane da yawa a Turai da Amurka waɗanda suka mai da tara irin waɗannan lambobi abin sha'awarsu, suna sayensu da kuɗi masu kauri. To, duk inda kuɗi ya shiga, jabu yakan biyo baya. Manufata ita ce in nuna cewa lamba shaida ce ta tarihi, kuma ba a karɓar shaida sai an bincike ta, kamar dai yadda muke yi wa tsohon rubutun ajami, mu duba takarda da tawada da hannun marubuci kafin mu amince da shekarar da aka ce an rubuta shi.

Bindigar da Sunayenta

Bari mu fara da ita bindigar, domin wanda bai san ta ba, ba zai gane hoton da ke kan lambar ba. Hiram Maxim ne ya ƙago ta a Ingila a 1884. Hikimarsa ita ce ya sa ƙarfin da bindiga take tokarar mai harbi da shi ya zama shi ne zai fid da kwanson da aka harba, ya ɗura sabon harsashi. Jamusawa suka ɗauki wannan ƙira suka gyara ta, suka fito da tasu wadda suka kira MG 08, saboda a 1908 aka karɓe ta. Ana ƙera ta a Spandau da kuma Balin. Tana harba harsashi wajen 450 zuwa 500 a minti guda.

Hausawa suna da suna biyu na wannan makami, kuma kowannensu ya kama wata siffa tata. Sun ce mata bindiga mai jigida, ga alama saboda ɗamarar zane mai ɗauke da harsashi 250 wadda take zarcewa cikinta. Sun kuma ce mata bindiga mai ruwa, domin bututunta yana cikin wani kwanso mai cin ruwa kimanin lita 4, wanda yake hana shi yin zafin da zai lalata shi. Ba daga littafi kakanninmu suka san ta ba. Da irinta Jamusawa suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Marwa a 1902, da irinta kuma Ingilishi suka zo Kano da Sakkwato a 1903.

Ita MG 08 tana zama a kan wani mazauni mai ƙafa huɗu, wanda ake ja a ƙasa, ko kuwa mutum biyu su ɗauke shi kamar makara. Bindigar da mazauninta sun haura kilo 60. Ku riƙe waɗannan abubuwa uku, watau jigida da kwanson ruwa da mazauni, domin za mu sake gamuwa da su.

Lambobin Iri Biyu

Lambobin da masu tarawa suka fi nema iri biyu ne, kuma zamaninsu da manufarsu sun bambanta.

Ta farko ita ce lambar Kaiza. A 1895 Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya kafa gasar harbi ta shekara-shekara tsakanin kamfanonin sojansa. Kamfanin da ya yi fice, sai mutanensa su sa lamba a damtsen dama. Bayan da aka kafa rukunonin farko na masu bindiga mai jigida a 1901, su ma aka yi musu tasu. Wannan lamba ta lokacin zaman lafiya ce, tana ɗauke da kambin sarauta da shekarar da aka ci gasar. Da yake rukunonin kaɗan ne a lokacin, lambobin da aka bayar ma kaɗan ne, don haka tsadarsu ta yi yawa, masu yin jabu kuma suka fi kwaɗayinsu.

Ta biyu ita ce ta 1916, wadda yaƙi ya haifa. Sa'ad da aka shiga yaƙi a 1914, kowace rajimanti ta sojan ƙasa tana da kamfani guda mai bindiga 6. Da yaƙi ya koma na zaman ramuka, sai shugabannin soja suka ga cewa mutum kaɗan masu gwaninta da wannan makami suna iya tsare fagen da bataliya guda za ta tsare. Saboda haka suka zaɓo gwanaye, suka ba su horo na musamman a wurare irin su Döberitz kusa da Balin, suka kafa rukunonin da ake kira MG-Scharfschützen, ma'ana gwanayen harbi da bindiga mai jigida. Ba a ɗaure su ga rajimanti guda ba, ana kai su duk inda wuta ta fi tsanani. Lambarsu mai siffar ƙwai ce, ta ƙarfe mai launin zinariya. A tsakiya ga hoton MG 08 bisa mazauninta, jigidar harsashi kuma ta kewaye gefen lambar. Ana sa ta a hannun riga na hagu.

Ya kamata mu tuna abin da wannan ado yake nufi. Ranar 1 ga Yuli, 1916, ranar farko ta gwabzawar kogin Somme a Faransa, sojan Ingila 19,240 aka kashe, kuma masu bindiga mai jigida na Jamus suna da babban hannu a wannan ɓarna. Wanda ya riƙe lambar nan ya manta da haka, ya riƙe ƙarfe ne kawai.

Yadda Ake Binciken Lamba

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Mai bincike yakan bi matakai huɗu.

Na farko, ƙira. Lambar gaske buga ta aka yi. Ana sa fallen tagulla tsakanin ƙarafa biyu masu zane, injin ya danne shi da ƙarfi, shi ya sa in ka juya bayanta za ka ga hoton gaban ya lotsa ciki, layi bisa layi. Mai yin jabu kuwa sau da yawa zubi yake yi, irin wanda maƙeran farfaru suka sani: ya danna lambar gaske a cikin wani abu mai laushi ya sami gurbinta, sa'an nan ya narka ƙarfe ya zuba. Zubi yana barin alamu. Akwai 'yan ramuka kamar na bakin allura inda iska ta maƙale, harsasan jigidar sukan dushe su manne da juna, bakin lambar yakan nuna sawun zarto, kuma da yake ƙarfe yana tsukewa in ya huce, lambar zubi takan gaza ta asali girma da ɗan kaɗan. Madubin ƙara girma da ma'auni mai kyau sun isa su tona wannan.

Na biyu, hoton kansa. Wanda ya zana lambar asali ya san bindigar, ya san inda kwanson ruwa ya tsaya da yadda ƙafafun mazauni suke. Wanda ya kwaikwaya daga hoton littafi yakan kuskure a nan. Haka kuma lambar da ke ɗauke da alamar 'yan Nazi ba ta zamanin Kaiza ba ce, domin mulkinsa ya faɗi a 1918, su kuwa sai 1933 suka hau mulki.

Na uku, abin da ke bayan lambar. Tana da 'yan ƙafafu na ƙarfe waɗanda suke huda ƙyallen ulu mai launin toka, su ratsa wani faifan ƙarfe, a lanƙwashe su. Wani lokaci akan sami sunan kamfanin da ya ƙera ta a wannan faifai, alal misali C. E. Juncker na Balin. Amma suna shi kaɗai ba hujja ba ne, gama buga hatimi ya fi buga lamba sauƙi. Ƙyallen ma shaida ne. Zaren roba na zamani narkewa yake yi in ya ji wuta, ulu kuwa ƙonewa yake yi da ƙaurin gashi. Bugu da ƙari, sinadarin ƙara hasken tufafi, wanda ya yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana walƙiya a ƙarƙashin fitilar nan da ake duba takardun kuɗi da ita.

Na huɗu, tsufa. Tsufan gaske yana da tsari: wuraren da suka taso su ne suke gogewa, dauɗa kuma ta taru a lunguna. Tsufan da aka yi da sinadari yakan shafe ko'ina bai ɗaya. A nan ne ya kamata in ja kunnen mai tarawa kada ya goge lambarsa don ta yi ƙyalli, domin yana share shaidar shekarunta ne da hannunsa.

Labarin da Ke Biye da Lamba

Mai sayarwa ba ya rasa labari, kuma labari yana ƙara kuɗi. Ga misali daga kusa da gida. A ce wani ya kawo muku lambar gwanayen harbi, ya ce kakansa ya samo ta a dutsen Mora a yaƙin Kamaru. Gaskiya ne an yi wannan yaƙi, gaskiya ne Hausawa sun yi soja a cikinsa, Jamusawa kuma sun yi amfani da bindiga mai jigida a Garwa da Mora. Amma ku duba shekaru. Garwa ta faɗi a 1915. Kyaftin von Raben ya miƙa wuya a Mora cikin Fabrairu, 1916, bayan an kewaye shi fiye da shekara guda, ba abin da yake iso masa daga Jamus. Lambar kuwa ta rukunonin da aka kafa a Turai ce a 1916. Ko da ƙarfen na gaske ne, labarin bai tsaya da ƙafarsa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tabbatar da labari yana da wuya saboda wani dalili. Daular Jamus tana da rundunoni huɗu, na Prussia da Bavaria da Saxony da Württemberg, kuma ta Prussia ce mafi girma. Yawancin takardunta sun ƙone a Potsdam sa'ad da jiragen Ingila suka yi wa garin ruwan bom a Afrilu, 1945. Na Bavaria kuwa suna nan a Munich, har da rajistar sunayen sojoji. Don haka lambar da ta zo tare da littafin aikin sojan da ya sa ta, ko hotonsa sanye da ita, ta fi wadda ta zo tsirara daraja nesa ba kusa ba.

Kammalawa

Jama'a, abin da na so in bar muku shi ne tsarin aiki. A fara tambayar ƙarfe, sa'an nan ƙyalle, sa'an nan takarda, labarin baka ya zo daga ƙarshe, a auna shi da shekaru. Wanda ya sayi jabu ya yi hasarar kuɗinsa, wannan tasa ce. Amma in jabu ya shiga gidan tarihi ko littafi, sai ya zama ma'aunin da za a riƙa gwada wasu da shi, kuskure ya haifi kuskure. Ɗalibanmu da suke tattara takubba da sulke da tsofaffin littattafai a garuruwanmu suna fuskantar wannan haɗari, kuma maganinsa guda ne, watau haƙuri da yawan duba na gaske har ido ya saba.