Me Ke Riƙe Kawanyar Wasa a Ƙugu?

Duk wanda aka auna a asibiti aka ce jininsa ya hau, ko suga ya yi masa yawa, ya ji wannan magana: a riƙa motsa jiki. Faɗarta ba wuya. Manomi yana samun nasa motsin da damina, amma da rani fa? Mai tireda yana zaune tun safe har magariba. Matar da ba ta cika fita ba, ina za ta je ta yi gudu?

Akwai wani abin wasa da ake iya yi a tsakar gida, ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Wata babbar kawanya ce ta roba, mutum ya shiga cikinta ya riƙa juya ta a ƙugunsa ba tare da ya sa hannu ba. Turawa suna ce mata hula hup. Da yawa sukan gwada, ta zagaya sau biyu ta faɗi, yara su yi dariya, sai mutum ya ce jikinsa ba na wannan ba ne. To, faɗuwar nan tana da dalili, kuma wanda ya san dalilin ya san gyaran.

Daga ina ta fito?

Yara sun daɗe suna wasa da kawanya a ƙasashe da yawa, kamar yadda namu suke tura gare-gare a kan hanya. Amma irin ta roba ɗin nan ta bazu ne a shekarar 1958, lokacin da kamfanin Wham-O na Kalifoniya a Amurka ya fara sayar da ita. Masu kamfanin sun ɗauko dabarar daga kawanyar gora da yaran Ostireliya suke motsa jiki da ita. Cikin wata 4 an sayar da kimanin miliyan 25. Sunan ya fito daga hula, wata rawar mutanen tsibirin Hawai da ake kaɗa ƙugu a cikinta.

Abin da ke jan ta ƙasa, da abin da ke tare ta

Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, ba ta hutawa. Kawanyar ma haka. Idan kun tsaya cik, nan take za ta sauka ƙafafunku. Saboda haka dole akwai wani ƙarfi da ke tare ta.

Ku tuna da majajjawa da yara suke korar tsuntsaye da ita a gona. Idan ana wulwula ta, dutsen yana neman ya tafi miƙe, igiya kuma tana jawo shi. Iya saurin wulwulawa, iya ƙarfin da yaro yake ji a hannunsa. Haka kawanya take. Sa'ad da take zagayawa, wuri ɗaya kaɗai take taɓa jikinku, sauran yana can a iska yana neman ficewa. Ƙugunku ne ya tare ta, don haka take matse jikin a wannan wuri ɗaya. Wurin kuma yana tafiya: ciki, gefe, baya, ɗaya gefen, ya dawo ciki.

Wannan matsewa ita ce tushen komai. Ku ɗora littafi a jikin bango ku danne shi da tafin hannu. Muddin kuna dannewa, ba zai zame ba. Da kun sassauta, sai ya faɗi. Kawanya mai sauri tana danne jiki sosai, sai ta kama. Masana sun lissafa cewa idan saurin ya ninka sau 2, ƙarfin dannewar yana ninkawa sau 4. Shi ya sa raguwar sauri kaɗan take isa ta kayar da ita.

Me ya sa ba ta tsayawa?

Gugar jiki da iska suna cin saurinta a kowane zagaye, sai an riƙa mayar mata da abin da ta rasa. Ku dubi yadda ake tura yaro a lilo. Ba a buƙatar ƙarfi mai yawa, ana buƙatar a tura a kan lokaci. Idan aka tura sa'ad da lilon yake dawowa, tsayar da shi za a yi. Haka nan ƙugunku yake ɗan tura kawanyar a daidai lokacin da ta iso ciki, ya sake tura ta sa'ad da ta iso baya. Kuskuren masu koyo shi ne su riƙa zana babbar da'ira da ƙugu. Babban motsi yana cin lokaci, sai kawanya ta riga mutum zuwa, turin ya zo a makare. Ƙaramin motsi mai sauri, gaba da baya, shi ya fi.

Siffar jiki tana da nata rabo

A ƙarshen shekarar 2024, masana lissafi a Jami'ar Niyok ƙarƙashin Leif Ristroph suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun ƙera ƙananan gumaka masu siffa dabam-dabam, suka sa inji yana kaɗa su, suka ɗora musu ƙananan kawanyoyi. A jikin mai siffar bututu, wanda samansa da ƙasansa ɗaya ne, kawanyar tana zagayawa amma tana sauka a hankali har ta faɗi. A jikin mai siffar mazurari kife, ko ta zame ƙasa ko ta haura ta fice. Wanda ya riƙe ta wuri ɗaya shi ne mai siffar kalangu, wato mai siririn tsakiya.

Dalili biyu ne. Gangaren kwatangwalo yana tallafe kawanyar daga ƙasa yana tura ta sama. Lanƙwasar ƙugu kuma tana mayar da ita wurinta: in ta sauka sai ta tarar da gangare mai ƙarfi ya ɗago ta, in ta haura sai tallafin ya ragu ta dawo. Wannan ne ya sa wasu suke iyawa tun ranar farko. Mai tumbi ko mai miƙaƙƙen jiki shi ma zai iya, sai dai ya ƙara sauri, ya kuma nemi kawanya babba.

Babba ta fi ƙarama sauƙi

Mutane sukan ɗauki ta yara su gwada, suna ganin ƙarama za ta fi sauƙi. Ba haka ba ne. Ƙaramar kawanya sai ta zagaya da sauri ƙwarai kafin ta danne jiki yadda ya kamata. Babba tana samun wannan dannewa ko da tana tafiya a hankali, don haka tana ba ku lokaci ku bi ta. Ga ma'auni: ku tsayar da ita a ƙasa a gabanku, samanta ya kai cibiya. Ga yawancin manya, faɗinta zai kai wajen mita 1.

Nauyi kuwa ba ya hana ta faɗuwa. Mai nauyi ta fi danne jiki, amma ƙasa ma ta fi jan ta, sai abin ya tashi daidai. Amfaninta kawai shi ne ba ta saurin rikicewa idan kun yi kuskure. Wadda aka cika da yashi ko ruwa takan bar tabon jini kwance a ƙugu, don haka kada mai koyo ya fara da ita.

Yadda za ku haɗa taku

Ku sayi baƙin bututun roba na ruwa, mai kauri kamar babban yatsa, tsawon mita 3 da ɗan ƙari. Wannan zai ba da faɗin mita 1. Ku tsoma bakunansa biyu cikin ruwan zafi su yi laushi, ku cusa guntun itace mai tsawon tafin hannu ya haɗa su. Sai ku naɗe ta da tsohuwar robar cikin tayar keke. Robar tana rage santsi, ta sa kawanyar ta kama jiki. Ku tabbata babu ƙusa ko waya da ta leƙo.

Tufafi ma suna da tasiri. Babbar riga tana harɗe kawanyar, yadi mai santsi kuma yana zamar da ita. Rigar auduga da ta zauna a jiki ta fi.

Yadda za ku fara

Ku sa ƙafa ɗaya a gaba, ku ɗan lanƙwasa gwiwa. Ku manna kawanyar a bayanku, ta daidaita ba ta karkace ba. Ku wurga ta gefe da ƙarfi, domin wadda aka saka a sanyaye ba ta kamawa. Nan da nan ku fara tura ƙugu gaba da baya, hannuwa a sama. Idan kun ji tana sauka, ku ƙara sauri. Ku gwada hagu da dama, ko wane mutum yana da gefen da ya fi masa sauƙi.

Ku fara da minti 2 ko 3, ku huta, ku sake. Sannu ba ta hana zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato kamar minti 30 sau 5. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 kowace rana. Minti 10 da safe da minti 10 da yamma duk suna shiga lissafi. Alamar kun yi daidai ita ce numfashi ya ƙaru, amma kuna iya magana.

Waɗanda za su dakata

Mai ciki ta bar wannan wasa. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, da duk wanda aka yi wa aiki a ciki, su jira sai likita ya ba da izini. Haka mai ƙaba ko gwaiwa, da mai ciwon baya da ke sauka har ƙafa. Mai shan maganin suga ko allurarsa kada ya yi da yunwa. Idan kun ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe, ku tsaya nan take ku zo asibiti.

Motsa jiki yana taimakon magani ne, ba ya maye gurbinsa. Ku ci gaba da shan abin da aka ba ku, ku rage gishiri da zaƙi, ku zo awo ranar da aka sa muku. In kawanyar ta faɗi, ku duba abu uku: girmanta, saurinku, da rigar da ke jikinku. Ku gyara wanda ya gaza, ku ɗauka ku sake. Allah ya ƙara mana lafiya.